Kafanchan: Asibitin Tarayya da jami'a sun iso, magudanar ƙazanta ba ta iso ba

A farkon shekarar 2025 ne Gwamnatin Tarayya ta biya wa Kudancin Kaduna buƙatu biyu da aka daɗe ana kai koke a kansu. Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, a harabar Babban Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa, sannan ya ba da umarnin a mayar da Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta ƙwace ta miƙa wa gwamnati, ta zama jami'ar kimiyya ta Tarayya. Ga kuma aikin farfaɗo da layin dogo daga Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda aka ƙaddamar a watan Maris na 2021, kuma Kafanchan ce babbar mahaɗarsa a Arewa.

Duk inda irin waɗannan cibiyoyi suka sauka, jama'a na biye da su: likitoci da ma'aikatan jinya, malamai da ɗalibai, masu jinyar 'yan'uwansu, masu sayar da abinci, masu gina gidajen haya. Kowannensu zai yi wanka, ya yi wanki, ya kewaya. A ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita, kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da aka kai gida yakan fito a matsayin ruwan ƙazanta. A ƙaddara ɗalibai 5,000 ne a ɗakunan kwana, kowane yana amfani da lita 50 kacal a rana. Lita 200,000 ke nan na ƙazanta za ta riƙa fita kullum, kwatankwacin sawu 20 na tanka mai ɗaukar lita 10,000. Inda wannan ruwa zai nufa, da wanda zai biya kuɗin tsabtace shi, magana ce da ba kasafai ake jin ta a jawaban bikin ƙaddamarwa ba, alhali ita ce za ta nuna ko bunƙasar da ake fata za ta zo da lafiya ko da cuta.

Garin da layin dogo ya gina

Kafanchan ƙasar Fantswam ce tun asali, amma girmanta na birni ya faro ne da zuwan jirgin ƙasa. A 1927 aka kammala layin da ya haɗa ta da Kaduna da kuma reshen da ya haura Jos, don kwasar kuza zuwa bakin teku. Da aka buɗe gadar Makurdi a kan Kogin Binuwai a 1932, jirgi ya riƙa zarcewa daga Fatakwal har Kafanchan ba tare da an sauke kaya an tsallaka da su ba. A cikin shekarun 1930 ɗin ne kuma fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka kwararo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, har garin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tara ƙabilu a Arewa.

Tsarin tsabtar garuruwan reluwe na wancan zamani mai sauƙi ne. Ana yanka tituna a miƙe, a haƙa kwata a gefensu don ruwan sama, bayan gida kuwa ko dai rami ne ko bokitin da ake kwashewa da dare, duba-gari yana zagayawa yana cin tarar wanda ya bar ƙazanta. An yi wannan tsari ne don 'yan dubban mutane. A yau garin ya bazu ta Takau da Katsit da Aduwan, yana neman haɗewa da Kagoro. Akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin koyon aikin jinya a cikinsa, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kusa. Bokiti ya tafi, duba-gari ya yi ƙaranci, amma abin da ya maye gurbinsu bai wuce ramin masai da sokawe ba, kowane gida da nasa.

Kafanchan ba ita kaɗai ba ce a wannan hali. In ban da tsakiyar Abuja, da wasu unguwanni a Legas, da 'yan rukunin gidaje da harabar wasu jami'o'i, garuruwan Najeriya ba su da bututun ƙarƙashin ƙasa mai tattara ƙazantar gidaje ya kai ta matata. Saboda haka idan ana maganar sabunta tsoffin magudanun Kafanchan, abubuwa uku ake nufi: tsoffin kwatoci da kwalbatocin ruwan sama, dubban ramukan da ke cikin gidaje, da kuma wurin zubar da abin da aka kwaso daga ramukan.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Sokawe na yin aiki ne a matakai biyu. Ƙazanta na shiga ramin siminti, mai kaurin ya kwanta a ƙasa yana ruɓewa, ruwan da ya taso kuma ya tsallaka rami na biyu, ya riƙa tsiyayewa cikin ƙasa a hankali. Ƙasar ce ke tace ƙwayoyin cuta, muddin akwai isasshiyar tazara. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa.

Filin da aka saba yankawa na gida, ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne da 'yan kai. Idan mai gida ya haƙa rijiya da sokawe a cikinsa, maƙwabcinsa ma ya yi haka, babu yadda za a yi tazarar ta cika. Idan aka raba filin gida biyu, ko aka cika shi da ɗakunan haya na ɗalibai, sai rijiyar wani ta koma jikin ramin wani, katanga kawai ta raba su.

Yanayin yankin na ƙara wa lamarin nauyi. Kudancin Kaduna na samun ruwan sama fiye da Kano ko Katsina nesa ba kusa ba, damina na kamawa daga wajen Afrilu har Oktoba, ga duwatsun Kagoro suna turo ruwa gangare. A tsakiyar damina ruwan ƙarƙashin ƙasa na tasowa, sokawe ya daina tsiyaye, ya cika, ya tumbatsa. Hanyar da ta fi sauƙi ga mai gida ita ce ya fasa ƙaramin bututu ya sake shi cikin kwatar titi. Kwatar kuwa an gina ta ne don ruwan sama, ba ta zuwa ko'ina sai rafi, idan ma yashi da leda ba su toshe ta ba. A gangaren rafin akwai masu wanki, masu noman rani, da makiyaya masu shayar da dabbobi.

Sakamakon wannan ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Taifot da gudawar yara da tsutsar ciki ba sa shiga kanun labarai, amma su ne ke cika layin ganin likita kullum. Asibitin da aka ɗaukaka zuwa na Tarayya shi zai karɓi waɗannan marasa lafiya, kuma shi kansa yana fitar da ruwan da ya fi na gidaje haɗari, domin yana ɗauke da jini, da sinadaran ɗakin gwaji, da ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Darasin Wupa

Ma'aikacin da ke zaune a Garki ko Wuse ko Maitama yana cikin 'yan tsirarun 'yan Najeriya da ruwan bayan gidansu ke bin bututu. Tsarin ginin Abuja na 1979 ya tanadi haka tun kafin a aza tubali, aka shimfiɗa bututun yana bin gangaren ƙasa. Matatar Wupa, wadda ta fara aiki a 2007 ƙarƙashin Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, an gina ta ne don ta ɗauki ƙazantar mutum kimanin 700,000.

Abin da Abuja ta yi daidai shi ne ta sa bututu kafin gini. Amma ko mazauna birnin sun san wahalar riƙe shi. Suna ganin ramukan duba bututu suna ambaliya a kan titi, ɓarayi sun sace murafunsu, tsumma da man girki sun toshe hanya. Matatar na buƙatar lantarki dare da rana don injinan da ke hura iska cikin ruwa. Su kuwa Nyanya da Karu da Mararaba da Masaka, inda akasarin ƙananan ma'aikata ke kwana, sun girma ne a kan sokawe, kuma gidaje sun riga sun cushe ta yadda shigar da bututu yanzu sai an yi rusau an biya diyya.

Akwai wani sharaɗi kuma da ake mantawa da shi. Babban bututun ƙazanta ba ya tafiya sai da wadataccen ruwan famfo da zai riƙa tura abin da ke cikinsa. A garin da mafi yawan gidaje suka dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, bututun zai bushe, ƙazanta ta daskare a ciki. Duk wanda ya kawo shawarar a kwafi Wupa a Kafanchan a yau, ya kawo aikin da zai ci biliyoyin naira ya tsaya a rabi. Abin da ya kamata Kafanchan ta ɗauka daga Abuja shi ne lokacin yin aikin. Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane, kuma gefen garin da ake yanka filaye yanzu bai cushe ba tukuna.

Aikin da ya yi daidai da garin

Mataki na farko taswira ce. Kafin a kashe ko sisi a kan siminti, sai an san yawan ramuka da rijiyoyi a kowace unguwa, zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa a rani da damina, kwatocin da ke aiki da waɗanda suka rufta, da inda masu tankar kwasar masai ke juye kayansu. Aiki ne da ɗaliban manyan makarantun yankin za su iya yi da wayar hannu ƙarƙashin kulawar injiniyoyi.

Na biyu shi ne matatar abin da aka kwaso daga rami. Ana ware fili a wajen gari, nesa da rafi, a gina kwamin shanya da aka shimfiɗa wa tsakuwa da yashi. Tanka ta juye a kai, ruwan ya tsiyaye, mai kaurin ya bushe a rana, daga baya a sarrafa shi ya zama taki. Ruwan da ya tsiyaye kuma ya bi ta jerin kududdufai uku. A na farko, mai zurfi, ƙazanta ke ruɓewa. A na biyu gansakuka da hasken rana ke aiki. A na uku, marar zurfi, rana ke kashe ragowar ƙwayoyin cuta. Wannan tsari ba ya buƙatar lantarki, fili yake ci, kuma fili a wajen Kafanchan ya fi araha yanzu fiye da yadda zai kasance bayan shekara goma. Birnin Dakar na Senegal ya bi wannan hanya: hukumar tsabtarsa ta gina wuraren juye tanka, ta tsara masu tankar a ƙarƙashin rajista, har aka buɗe cibiyar da mai gida zai kira a turo masa mota.

Na uku ya shafi tsakiyar gari, inda gidaje suka riga suka matse, babu wurin haƙa sabon rami. A nan ƙaramin bututu marar zurfi ne mafita, wanda ake bi da shi ta lungu da bayan gidaje maimakon tsakiyar titi, ya tattara ƙazantar unguwa guda ya kai ta kududdufi. Injiniya José Carlos Melo ne ya yaɗa wannan dabara a ƙasar Brazil a shekarun 1980. A unguwar Orangi ta birnin Karachi, Akhtar Hameed Khan ya fara irinsa a 1980, mazauna kowane layi suka haɗa kuɗi suka shimfiɗa bututun layinsu, hukuma ta ɗauki nauyin babban da ke kwashewa. An gwada shi a unguwar Asafo ta Kumasi a shekarun 1990. Kuɗinsa bai kai na babban bututu ba, kuma ba ya buƙatar ruwa mai yawa.

Na huɗu shi ne a raba ruwan sama da ruwan ƙazanta. Shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya kai Kafanchan, an yi tituna da kwatoci a gefensu. Amfanin sabuwar kwata na ɗorewa ne idan ana yashe ta kafin damina, kuma an hana gidaje sakin sokawe a cikinta. Hanin kuwa ba zai yi tasiri ba sai mai gida yana da wata mafita mai sauƙin kuɗi, wato sai matakai na biyu da na uku sun tabbata.

Akwai abin lura ga duk wanda zai yi haƙa a wannan yanki. A ƙauyen Nok, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, masu haƙar kuza suka fara cin karo da gumakan yumɓu a 1928, kuma tun 2005 masu bincike daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka yi ta tono irinsu a wurare da dama, wasu sun haura shekara 2,000. Kwangilar da ta ƙunshi haƙa kududdufi ko doguwar hanyar bututu ya kamata ta tanadi yadda za a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa idan shebur ya taɓa wani abu.

Alhakin wa, kuɗin wa

A doka babu ruɗani. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina kwatoci da kula da su, da samar da bayan gida na jama'a, da zubar da najasa da shara. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara tabbatar da cewa Ƙaramar Hukumar Jama'a ce mai wannan aiki. A aikace kuwa hannaye sun yi yawa. KASUPDA ke amincewa da tsarin gini, KEPA ke kula da muhalli, hukumar ruwa ta jiha ke da famfo, RUWASSA ke da ƙauyuka. A 2021 jihar ta kafa Hukumar Kula da Birnin Kafanchan don ta haɗa ayyukan birni wuri guda. Ramin da ke cikin gida da tankar da ke kwashe shi sukan faɗa tsakanin waɗannan ofisoshi, kowa na ganin na wani ne.

A matakin Tarayya an yi shela da yawa. A Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsabta. A Nuwamban 2019 ya sa hannu a Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 009, wanda ya sa 2025 a matsayin wa'adin daina bahaya a fili. Binciken da gwamnati ta yi a 2021 ya nuna mutum miliyan 48 har lokacin ba su daina ba. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta kai ga gaci a 2022. Sai dai wannan yaƙi na ƙirga bayan gida ne. Kowane sabon masai da aka gina rami ne da zai cika wata rana, kuma ba a ƙirga inda ake kai abin da ke cikinsa.

Kuɗi kuwa akwai ƙofofinsu. Kaduna na cikin jihohi bakwai da suka fara shirin SURWASH, bashin dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, tare da Katsina da Gombe da Filato da Delta da Ekiti da Imo. Shirin na biya ne bayan an tantance aikin da aka yi, saboda haka jihar da ta gabatar da tsari mai lissafi ita ke cin moriyarsa. Asusun Kula da Muhalli na Tarayya, wanda aka kafa a 1981, ya shafi ambaliya da zaizayar ƙasa, kuma manyan kwatoci na cikin abin da yake ɗauka. Tun 2023 ma'aikatar ruwa ta Tarayya ta ƙara kalmar tsabta a sunanta, nauyin ya hau kanta a fili.

Abin da ke hannun ma'aikacin Abuja

Mazaunin Abuja na da ruwa da tsaki a wannan magana fiye da yadda yake zato. Madatsar Gurara a Jihar Kaduna take, kogin ya taso ne daga kudancin jihar, yankin Kachia na cikin inda yake tattara ruwansa. Daga madatsar ne bututu mai tsawon kusan kilomita 75 ke kai ruwa Madatsar Usuma, wadda famfunan birnin Tarayya ke sha daga gare ta. Ana tace ruwan kafin ya iso gidaje, amma gwargwadon gurɓatarsa a tushe, gwargwadon kuɗin sinadaran da za a kashe a matata.

Cibiyoyin biyu kuma na Tarayya ne, takardunsu ta teburan Abuja suke bi. Jami'in tsare-tsare a ma'aikatar lafiya ko ta ilimi, da mai duba takardun kwangila, da hadimin ɗan majalisa mai shirya jerin ayyukan mazaɓa, kowannensu na iya yin tambayoyi uku kafin fayil ya wuce. Shin ginin ɗakin kwanan ɗalibai ko na marasa lafiya ya zo da matatar ruwan ƙazantarsa a cikin kuɗin kwangilar, ko an bar ta sai kashi na biyu? Shin an sa kuɗin gudanar da ita, albashin mai kula da ita da gwajin ruwan da take fitarwa, a kasafin yau da kullum na cibiyar? Shin an tsara girmanta yadda za ta karɓi tankokin unguwannin da ke kewaye, su biya kuɗin juyewa, cibiyar ta samu abin kula da ita? Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba da hurumin yin irin waɗannan tambayoyi a kan manyan ayyuka.

Aikin mazaɓa ma na iya sauya fasali. Burtsatse da fitilun titi masu aiki da hasken rana su ne aka saba gani, saboda ana iya rubuta suna a jikinsu. Kwamin shanya da kududdufai uku a bayan gari ba su da kyan hoto, amma suna kare kowace rijiya da burtsatsen da aka riga aka haƙa a cikin garin. Ma'aikatu kan miƙa ƙiyasin kasafinsu ga Ofishin Kasafin Kuɗi a watannin ƙarshe na shekara, kuma layin da bai shiga a lokacin ba sai ya jira wata shekara, wata daminar ta sake wucewa a kansa.